Sayen motar lantarki ta hannu: ƙarar da ba ta da illa, da shirun da ke cin kuɗi

Wanda ya saba sayen mota 'yar Kwatano ya san ƙa'ida. A buɗe bonet, a zaro sandar baƙin mai a murza a yatsa, a tayar da inji a kasa kunne, a zagaya baya a ga kalar hayaƙin salansa. Duk wannan ilimin ba ya aiki a motar lantarki, domin ba baƙin mai, ba salansa, ba fulogi. Da yake kuma babu rurin inji da zai rufe komai, kowane ɗan ƙas da kowane zuu ana jin sa, sai mai saye ya firgita da abin da lafiyarsa ƙalau. Ita kuwa cutar da ta fi tsada, wato gajiyar babban batir, ko tari ba ta yi. A tsohuwar mota kuɗin canza batirin kan kamo kuɗin motar kanta. Don haka kunne ba shi ne babban kayan aikinka ba a wannan ciniki. Awo ne.

Tun kafin ka je filin dillalai

Ka sa a turo maka lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17. Idan motar daga Amurka ta fito, ka shigar da lambar a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, kyauta ne, zai nuna ko akwai gyaran da kamfani ya yi kira a kawo amma ba a kai ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wasu motoci. A 2021 kamfanin General Motors ya yi kiran duk Chevrolet Bolt na 2017 zuwa 2022 saboda lahani a ƙwayoyin batir da ke iya jawo gobara. A shekarar dai Hyundai ta yi kiran motoci kusan 82,000, akasarinsu Kona mai lantarki da aka ƙera daga 2018 zuwa 2020, don canza musu batir. Bolt ko Kona da aka riga aka canza wa batir riba ce, domin batirinta ya fi motar ƙuruciya. Wadda aka lodo a jirgin ruwa ba a yi mata ba kuwa, ba wanda zai biyo ka Kano ya canza maka. Ka nemi takardar shaidar aikin, ba maganar baki ba.

Da wannan lambar kuma za ka binciko hotunan gwanjo. Da yawa daga cikin motocin Amurka da ke shigowa ta Legas da Kwatano daga gwanjon kamfanonin inshora suke, irin Copart da IAA. Wadda aka buga wa bamba ko ƙofa ana iya sha'ani da ita. Wadda aka rubuta ambaliya ta ci, ka bar ta ko da kyauta ce. Ruwan gishiri da ya shiga akwatin batir yana ci a hankali, kuma bayan guguwar Ian ta 2022 a Fulorida an ga irin waɗannan motoci suna kamawa da wuta kwanaki bayan ruwa ya janye. Idan ka je gaban motar, ka zaro bel ɗin kujera har ƙarshe ka duba ko akwai zanen laka, ka ɗaga kafet, ka duba ƙarafan da kujera ke gudu a kai ko sun yi tsatsa.

Motar Japan ko Ingila sitiyarinta a dama yake, kuma doka ba ta yarda da shi a titunan Najeriya ba. Juya sitiyari a motar fetur ma aiki ne mai barin baya da ƙura, balle a motar da manyan wayoyin wuta ke bi ta ƙarƙashinta. Idan ka ga alamar an juya, ka wuce gaba.

Sai ramin caji, wanda mutane ke mantawa da shi sai an kai mota gida. Yawancin motocin Amurka suna da rami mai ƙafa biyar da ake kira J1772, na Turai mai ƙafa bakwai ne mai shafaffen sama, wato Type 2. Idan akwai wasu manyan ƙafafu biyu a ƙasan ramin, na caji mai sauri ne, CCS. Nissan Leaf ta kafin samfurin 2026 tana da nata rami daban na sauri, CHAdeMO, kuma wasu ƙananan samfurin Leaf na Amurka ba a sa musu shi ba sam. Tesla ta Amurka nata ɗan siriri ne. Motocin da aka ƙera don kasuwar Sin, irin BYD ko Volkswagen ID.4 Crozz, GB/T suke ɗauka. Idan akwai tashar caji a garinku da kake sa ran amfani da ita, ka je ka ga irin kan wayarta tukuna. A motocin kasuwar Sin ka duba har da harshen allo, kuma ka san cewa manhajar waya ta yawancinsu ba ta aiki a waje.

Batir: nan kuɗinka yake

Girman batir da kWh ake faɗarsa, kuma kWh ɗaya shi ne yunit ɗaya da kake saya a mitar gida. Batir mai 40 kWh tulu ne da ke cin yunit 40 yana sabo. Tambayar ita ce yau nawa yake ci. Kamfanin Geotab na Kanada, da ya bibiyi dubban motoci, ya samu a 2019 cewa batir na rasa kusan kashi 2.3 cikin 100 a shekara, a 2024 kuma ya ce adadin ya sauko 1.8. Ke nan mota 'yar shekara biyar da ke da kashi 88 zuwa 92 tana kan hanya. Amma wannan matsakaici ne, kuma zafi na rusa lissafin.

A nan ne ya kamata mai saye daga Sakkwato, Maiduguri ko Yamai ya tsaya ya yi tunani, inda zafin bazara ke wuce digiri 40. Tesla, Kona, Bolt da ID.4 suna sanyaya batirinsu da ruwa mai zagayawa. Nissan Leaf kuwa, tun fitowarta a ƙarshen 2010 har samfurin 40 da 62 kWh, ba ta da wannan tsari, sai dai batirin ya huce da kansa. Tun 2012 masu Leaf a Finiks ta jihar Arizona, gari mai zafi irin namu, suka fara kuka da saurin gajiyar batir. Leaf tana cikin waɗanda suka fi araha a fili, kuma dalilin arahar ke nan. Ba a ce kada a saya ba, amma a saye ta a matsayin motar cikin gari, a farashin da ya dace da batirin da ke cikinta.

A Leaf ta 2011 zuwa 2017, ka dubi gefen dama na allon da ke bayan sitiyari. Akwai dogayen sanduna 12, su ne ke nuna yawan cajin da ke ciki yanzu. Can a bakin gefensu akwai wasu gajeru, su ma 12, su ne lafiyar batir. Dillali zai cika caji ya nuna maka dogayen ya ce ga shi cif. Kai gajerun za ka ƙirga. Ta farko tana ɓacewa idan batir ya rasa kashi 15, kowace ta bayanta kuma kashi 6.25. Sanda 11 na nufin tsakanin kashi 79 da 85, sanda 9 kuwa kusan kashi 70. Leaf mai 24 kWh da ke yin kilomita 135 tana sabuwa, da sanda 9 ba za ta kai 100 ba, da esi a kunne kuma ta ƙara raguwa. Daga samfurin 2018 sai an shiga cikin jerin bayanan allo ake ganin sandunan.

Su ma sandunan ana yi musu coge. Mai na'ura yana iya goge ƙwaƙwalwar kwamfutar batir, sanduna su koma 12, sai bayan makonni su fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Leaf 'yar shekara goma da sanda 12 ba tare da takardar canjin batir ba, kallon kitse ake so ka yi wa rogo.

Maganin wannan shi ne ka tafi da 'yar na'urar Bluetooth da ake sokawa a ramin OBD, wato inda ake jona na'urar duba kwamfutar mota, mai ƙafa 16, a ƙarƙashin sitiyari. Ka sa manhajar LeafSpy a waya idan Leaf ce, ko Car Scanner idan Hyundai, Kia ko Volkswagen ce. Abu uku za ka karanta. Na farko SOH, lafiyar batir cikin ɗari. Na biyu yawan cajin sauri da aka yi mata, wanda LeafSpy ke rubutawa QC, domin yawan caji mai sauri a batirin da ba a sanyayawa yana tsufar da shi. Na uku, wanda ya fi wuyar yi wa coge, shi ne tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin batir. Batirin Leaf rukuni 96 ne a jere, manhajar tana zana kowanne kamar tsinken tsintsiya a tsaye, sannan ta rubuta bambancin mafi sama da mafi ƙasa da mV, wato kashi ɗaya cikin dubu na V, ma'aunin ƙarfin wuta. Mota na tsaye, caji na tsakiya, tazarar 10 zuwa 30 lafiya ce. Idan ta haura 50, ko ka ga tsinke ɗaya ya nutse ƙasa da 'yan uwansa, akwai ƙwaya mai rauni. Batir kuwa kamar ayarin raƙuma yake, da tafiyar gurgun ciki ake tafiya: da zarar wannan ƙwaya ɗaya ta ƙare, kwamfuta za ta tsayar da mota ko da sauran 95 na da wuta.

Ƙwaya mai rauni tana ɓuya idan batir a cike yake. Shi ya sa za ka roƙa a bar maka motar da caji kashi 30 zuwa 40 ranar gwaji. Ka samu miƙaƙƙen titi marar cunkoso, wani ya riƙe wayar, ka take totur sosai na daƙiƙa goma. Idan lambar caji ta faɗo daga 35 zuwa 20 a take, ka ɗaga ƙafa ta koma sama, ko hoton kunkuru ya fito a allo, an gama magana. Kunkurun nan alama ce mota ta rage ƙarfi don kare batir. Fitowarsa a kashi 2 ko 3 daidai ne. A kashi 30 ciwo ne.

Kada ka dogara da SOH kaɗai, Kona ma kan daɗe tana nuna 100 alhali batir ya ɗan taɓu. Ka yi lissafi da hannunka. Ka mayar da ma'aunin tafiya sifili, ka rubuta kashin caji, ka yi tafiyar da za ta ci aƙalla kashi 20. A ce Kona ce mai 64 kWh, ka tashi a kashi 80 ka tsaya a 60, ka yi kilomita 75, allo ya nuna kilomita 6.5 a kowane kWh. Raba 75 da 6.5, ka samu yunit 11.5. Wannan shi ne kashi 20, sai ka ninka sau biyar, ya ba ka kusan 58. Idan ka gwada da 64, kashi 90 ke nan. Lissafin yana da ɗan kuskure, kuma yana ƙara daidai idan tafiyar ta ƙara tsawo, amma ya isa ya tona asirin batirin da ya rasa kashi ɗaya cikin uku. Motar Amurka da mil take ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Tesla tana da nata gwajin lafiyar batir a cikin allonta, amma sai tana jone da caja, kuma yana iya cin kusan yini da kwana. Mai sayarwar da ya yarda da kayansa ba zai ƙi ba.

Lambar kilomitan da allo ke cewa sun rage kuwa, kada ka yi ciniki a kanta. Hasashe ce daga tuƙin da aka yi na baya-bayan nan. A yi ta lallaɓa mota a kilomita 40 ba esi, sai lambar ta kumbura. Haka kuma adadin da ke cikin talla: na ma'aunin Sin, CLTC, ya fi kowanne zuƙi, na Turai, WLTP, yana tsakiya, na Amurka, EPA, ya fi kusa da gaskiya.

Halinta ne, ba ciwo ba

Ka taka birki ka danna maɓalli, za ka ji ƙas-ƙas sau biyu ko uku daga ƙarƙashi, sannan kalmar READY ta fito a allo, alamar mota ta tashi. Manyan makunnai ne ke haɗa babban batir da sauran mota. Idan ka kashe ma za ka sake ji. Rashin jin su ne abin damuwa.

A tafiyar hawainiya za ka ji wani amo kamar na busa daga gaba, ya ɓace idan ka ƙara gudu. Lasifika ce aka sa da gangan don masu tafiya a ƙasa, doka ce a Turai da Amurka, tana aiki har zuwa kilomita 20 ko 30 a awa. Siririn fito da ke tashi tare da gudu, ya sauka tare da shi, kukan injin lantarki ne. Ɗan gurnani na 'yan daƙiƙu idan ka buɗe ƙofa ko ka taka birki, famfon birki ne ke tara ƙarfi.

Abin da ya fi tsorata sababbin masu mota shi ne a kashe ta, a kulle, a dawo a tarar fanka na ta gudu, ko kwamfiresa na ruri ana cikin caji. Batir take sanyayawa, kuma a zafinmu za ta yi haka fiye da yadda take yi a Turai. Ruwan da za ka gani a ƙasa bayan haka, ka taɓa. Idan fari ne ba wari ba santsi, raɓar esi ce. A Tesla Model 3 har ƙara kamar an buga gwangwani ana ji daga ƙasa lokacin caji mai sauri, ƙarfen akwatin batir ne ke miƙewa da zafi, littafin motar ma ya ambace shi.

Idan ka ɗaga ƙafa daga totur mota ta dafe kamar an taka birki, injin ne ya koma janareta yana mayar da wuta cikin batir, fitilun birki ma kan kama da kansu. Amma idan batir na kashi 100 wannan riƙon yana raguwa ko ya ɓace, mota ta riƙa sulalewa, domin tulun ya cika ba inda za a zuba. Bayan 'yan kilomitoci zai dawo. Saboda wannan tsarin ne ba a cika amfani da birkin gaske ba, sai faifan ya yi jan tsatsa, ya yi ƙara da safe, musamman da damina ko bayan wanki. Taka birki da ƙarfi sau uku ko huɗu zai goge shi. Idan ka ga ID.4 da birkin ganga a baya, haka aka ƙera ta, ba wani ya canza ba.

Caji mai sauri yana gudu har wajen kashi 80, daga nan ya koma rarrafe. Kariya ce. Mitar gida kuma za ta nuna ka sha yunit fiye da abin da ya shiga batir da kashi 10 zuwa 15, zafi ne ya cinye bambancin. Mota na ajiye ta rasa kashi ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne, Tesla da aka bar wa kyamarorin gadi a kunne takan sha ninkin haka sau da yawa. Motoci masu nau'in batirin litiyam da ake kira LFP, irin BYD da wasu ƙananan Model 3 daga 2021, lambar cajinsu kan yi tsalle idan an daɗe ba a cika su ba, domin kwamfutar tana ɓatan lissafi. A kai su 100 kamar sau ɗaya a mako, sai ta daidaita. Sauran batura kuwa kashi 80 ya ishe su a kullum, kuma kada a bar su cike a rana.

Waɗanda ba hali ba ne

Ƙara mai kaɗawa, tak-tak-tak, da ke bin saurin taya kuma tana canzawa idan ka taka totur ko ka saki, wannan boris ne na inji ko akwatin giya. An san Kona da Kia Niro na farko da shi. Ka kashe rediyo da fanka, ka rufe gilashi, ka saurara tsakanin kilomita 20 da 60. Ƙugi mai kauri da ke ƙaruwa da gudu shi ma boris ne. Kukan ƙyaure idan ana juya sitiyari a Model 3 hannun sama ne na ƙafar gaba, gyaransa da sauƙi, amma a rage shi a kuɗi.

Ruwa mai kala, shuɗi, kore ko ruwan hoda, mai santsi a yatsa, ruwan sanyaya ne ke yoyo. Ka duba tankinsa ko ya sauka ƙasa da layi. Kada a yarda a cika da ruwan famfo, wasu Hyundai ma ruwa na musamman suke sha wanda wuta ba ta bi ta cikinsa sosai. Duk saƙon da ya ambaci tsarin babbar wuta, ko hoton mota da alamar motsin rai a kanta wanda bai ɗauke ba bayan READY, a sa na'ura a karanta. Idan matsalar yoyon wuta ce zuwa jikin mota, ka janye. Na'urar za ta kuma nuna tun yaushe aka goge bayanan matsala. Idan jiya ne, ka tambayi dalili. Wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadarin goge farce daga ƙarƙashin mota kuwa, ka matsa nesa, ƙwaya ce ta fashe.

Manyan wayoyi masu ruwan lemo suna ɗauke da 350V zuwa 400V, a wasu motocin har 800V. Da ido ake duba su. Idan ka ga an naɗe ɗaya da salatif, ka san hannun da bai san aikin ba ya shiga.

Ƙaramin batir mai babban rikici

Kowace motar lantarki tana da ƙaramin batir na 12V irin na kowace mota, shi ke tayar da kwamfutoci ya ja makunnan nan masu ƙas-ƙas. Idan ya yi sanyi, mota ba za ta tashi ba ko da babban batir a cike yake, ko kuma allo ya cika da saƙonnin matsala iri-iri marasa alaƙa da juna. Motar da ta yi wata biyu tsakanin teku da tashar jirgin ruwa kusan kullum da wannan take isowa. Ka aro mitar masu rewaya. Mota a kashe, 12.4V zuwa 12.7V lafiya ne. Tana READY ya kamata ka ga 13V zuwa 14.5V, shaidar cewa na'urar da ke madadin alteneta tana aiki. Idan lambar ba ta motsa ba, matsalar ta wuce batir. Hyundai Ioniq 5 da Kia EV6 an yi kiransu a 2024 kan wannan na'ura, ICCU, don haka a duba ko an yi musu aikin. Sababbin Tesla daga wajen 2022 ƙaramin batirinsu na litiyam ne mai kusan 16V, kada a jona musu cajar batirin mota ta kasuwa. Idan saƙonnin sun ɓace bayan an sa sabon ƙaramin batir, kuma ba su dawo ba bayan tafiya, ka samu hujjar neman ragi a kan abin da ba shi da tsada.

A jona ta a gabanka

Kada ka biya kuɗin motar da ba ka ga tana shan wuta ba. Cajar gaske a cikin mota take, wayar da ake jonawa a bango mai gadi ce kawai, kuma idan ta cikin ta ƙone gyaranta da tsada. A jona aƙalla minti 20, ka ga lambar kilowat ta tsaya daram. Ka haska cikin ramin caji da tocila, ƙafafun su zama masu sheƙi, ba baƙi ba narkewa.

Ka juya akwatin wayar ka karanta abin da aka rubuta. Wayoyi da yawa da ke zuwa da motocin Amurka na 120V ne kaɗai. Motar kanta tana karɓar wutarmu ta 230V, amma wayar tana iya ƙonewa da zarar an soka ta. Sai wadda aka rubuta tana ɗaukar har 240V. Na Turai da na Sin ƙarfin wutarsu ya dace da namu, kan fulogin ne kawai ya bambanta, kuma gara mai wayarin ya sa soket da ya dace da a yi ta jona adafta.

Lissafin lokaci ba wuya. Soket na gida a 10A yana ba da kilowat 2.3. Ɗaga batir mai 40 kWh daga kashi 20 zuwa 80 yunit 24 ne, wato kusan awa 12 idan an haɗa da asara. Wanda ba ya samun wuta ta awa 12 a jere ya san abin da ke gabansa. Cajar bango mai kilowat 7 tana gama wannan cikin awa huɗu, amma tana jan 32A, tana son layinta daban daga mita, da waya mai kauri 6mm² da abin katse wuta nata. Leaf ta 2011 da 2012 ba ta shan fiye da kilowat 3.3 ko wace cajar gida aka jona mata. Kada a yi caji da doguwar wayar ƙari ta kasuwa. Bayan rabin awa ka taɓa kan fulogin: ɗumi ba laifi, zafin da ba ka iya riƙewa kuwa a cire.

Sau da yawa mota takan ƙi caji a gida, a ɗora mata laifi, alhali gidan ne ba shi da wayar ƙasa. Wayar caji tana dubawa, idan ba ta samu ba sai ta kunna jar fitila ta ƙi sakin wuta. Haka take yi da yawancin ƙananan janareta. Mai wayarin ya kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa ya haɗa yadda ya kamata. Idan wuta na rawa kuma, Tesla da kanta take rage abin da take ja da kashi 25. Wannan ma hali ne.

Ƙarƙashi, taya da esi

A ɗaga motar a kan rami ko na'urar ɗagawa. Batirin shi ne shimfiɗaɗɗen akwatin da ya mamaye cikinta. Ƙarcewa a murfin roba ba komai. Loɓawa a ƙarfen akwatin, tsagewa, walda, ko gam da aka shafa a bakin murfi alamar an taɓa buɗewa, duk dalilan fasa ciniki ne. Model 3 tazararta da ƙasa santimita 14 ce kacal, sai ka auna da tudun rage gudu da ramukan unguwarku. Ka kuma duba gefen akwatin ko an taɓa kafa jak a kansa, kuskuren da masu faci ke yi idan ba a nuna musu wurin da aka tanada ba.

Nauyin batir da ƙarfin fizga suna cin taya da wuri, wannan sananne ne. Amma ci ta gefe ɗaya saiti ne ko ƙafa ta lanƙwashe. Lambar nauyin da ke jikin tayar ta yi daidai da wadda aka rubuta a jikin ƙofar direba. Yawancin motocin lantarki ba sa zuwa da safaya, ka sa kuɗinta a lissafi. Idan motar ta mutu a hanya kuma ba a ɗaura mata igiya, domin tayoyin na juya injin ya haifar da wuta. Janwe mai shimfiɗaɗɗen baya ake kira.

Esi a nan ba jin daɗi ba ne kawai, a motoci da yawa shi ke sanyaya ruwan batir. Ka kunna shi mota na tsaye, ya kawo sanyi cikin minti biyu ko uku. Ka tambaya ko an taɓa yi masa ƙarin gas bayan an sauke motar, da kuma wanda ya yi. Kwamfiresar lantarki ce, man da ke cikinta yana taɓa wayoyin babbar wuta, don haka mai na musamman take sha wanda wuta ba ta bi. Man esi na motocin fetur, ko da ragowar da ke cikin tiyon mai gyara ne, yana iya jawo yoyon wuta har mota ta ƙi tashi. Irin gas da irin man suna rubuce a takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet.

Garantin batir na shekara takwas da kamfanoni ke bayarwa, kada ka sa shi a lissafi idan motar ta bar ƙasar da aka sayar da ita. Ka gwada lambar shasin da ke takardun kwastan da wadda ke ƙasan gilashin gaba, ka karɓi makulli biyu da wayar caji. Idan Tesla ce, a ba ka katin makulli, kuma tsohon mai ita ya cire motar daga asusunsa ta koma naka kana tsaye, domin muddin tana asusunsa yana ganin inda take, yana kuma iya buɗe ta daga wayarsa. Kafin alƙalami ma a rubuta a takarda cewa za a mayar maka idan awon batir bai kai adadin da kuka yi magana a kai ba, a kuma rubuta adadin da lamba.